Hoton Kanwa a Wayar Likita

Guangzhou, ƙasar Caina,
Laraba, 8 ga Rabi'ul Awwal.

Zuwa ga yayata, Hajiya Rekiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Yaya, ki gafarce ni da na ɗora miki karatun doguwar takarda, alhali na san idonki ba ya son ƙananan rubutu yanzu, ga kuma hidimar gida da ba ta ƙarewa. Na so in bar maganar sai na dawo, na ga ba za ta jira ba. Na so in faɗa a waya, na ga layin nan da yake yankewa kowane minti uku ba zai ɗauke ta ba, kuma ba irin maganar da zan so a ji rabinta ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta. Zan ba Alhaji Ɗantani, maƙwabcin su Nana, wanda zai taso Kano ranar Asabar, ya kawo miki har gida. In karatun ya yi miki nauyi Aminat ta karanta miki, amma ku biyu kawai a ɗaki.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin daina hawa benen nan da kanki don shanya. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya ba mu ikon cikawa da imani. Mu nan Alhamdu lillahi. Takwarar Inna, jaririya A'isha, ta cika wata biyu jiya, ta fara bin mutum da ido, kuma duk wanda ya gan ta sai ya ce goshinki ne ta ɗauko. Mahaifinta Izzuddeen yana nan yana kaiwa da komowa tsakanin masu ɗinka wandunan jins a Xintang da tashar jirgin ruwa ta Nansha. 'Yarki Nana Hafsat tana gida, tana tafiya da ƙafarta, tana cin abinci, tana shayar da 'yarta. Na fara da wannan ne don hankalinki ya kwanta kafin ki karanta saura, domin duk lokacin da kika kira na ce miki jiki da sauƙi, gaskiya ban gaya miki rabin abin da ake ciki ba. Nana ta yi kwana goma sha tara a asibiti, kuma akwai ranakun da ban yi zaton za mu fito da ita ba. Ki yafe mini ɓoyon da na yi.

Kin san abin da ya kawo ni ƙasar nan: in yi wa yarinya jego yadda aka yi mana. Kin ga kayan da muka haɗa tare, da geron da aka surfa aka bushe, da yajin jego, da kanwar nan ungurnu da kika zaɓo da hannunki. Ban rage komai ba. Gidansu hawa na goma sha huɗu ne, babu murhu, babu tukunyar wanka, babu darbejiya. Sai na dinga tafasa ruwa a butar lantarki ina juyewa a babban bokiti, buta takwas kafin ya cika, in tsoma tawul a madadin ganye in dinga gasa mata jiki, safe da yamma. Ga garin nan a watan Muharram zafinsa ba irin namu ba ne. Zafi ne mai jiƙe mutum, bango ma gumi yake yi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Mu fito daga banɗaki ni da ita kamar an tsamo mu daga rijiya. Citta da kanumfari da masoro na samo su a kasuwar masu saiwoyi a Liwan, da nuni da hannu muka yi ciniki. Kunun kanwa kuwa kullum sau uku, mai kauri, kanwar ta ji sosai. Nana takan yi mini tsiya, ta ce Umma ta taso daga Kano musamman don ta dafa ta, saura kawai a barbaɗa mata yaji. In ce mata ta yi shiru ta sha, uwarta ma haka aka dafa ta har sau bakwai ga ta nan daram.

A mako na uku ƙafafunta suka fara kumburi. Na ce ruwan jego ne, na ƙara zafin wanka. Sai tari ya biyo baya, busasshe, ba majina. Sai ya zama ba ta iya kwanciya a miƙe, sai an tara mata matashi uku a baya. Wata safiya ta tashi za ta ɗauko zanin jaririya a kan kujera, taku biyar ne bai fi ba, na ga ta dafa bango tana jan numfashi kamar wadda ta yi gudu. Da ta zo salla ta sunkuya za ta yi sujada sai ta kasa, ta ɗago tana dubana, leɓenta ya canza launi. Mijinta bai tsaya jin ta bakin kowa ba, ya kira mota muka tafi asibiti da jaririya a bayana.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, Dakta Tan, 'yar siririya mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar Aminat ba. Suka shafa wa Nana wani mai a ƙirji, suka ɗora na'ura, muka ga zuciyarta a allo tana motsi a hankali kamar ta gaji. Likitar ta yi bayani da yarensu, Izzuddeen yana mayar mana da Hausa: zuciyar ta kumbura ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa yake taruwa a ƙafa da huhu. Ta ce ciwo ne da yakan sami wasu mata bayan haihuwa, sun san shi, suna da maganinsa. Aka ba ta gado, aka fara ba ta maganin fitar da ruwa. Sannan likitar ta ja kunne sosai a kan gishiri, ta ce ko ɗanɗano kada ya shiga bakinta. Yaya, na riƙe wannan umarni kamar farilla. Na ɗauke gishiri daga girkin gidan gaba ɗaya, har dunƙulen miya na daina sawa, Izzuddeen ya dinga cin lami bai taɓa cewa uffan ba. To amma da na ga yarinya ba ta iya cin abincin asibiti, ga jaririya tana neman nono, sai na ce bari in taimaka da abin da na sani. Kullum in dama kunun kanwa in cika babban flas in kai mata, in zauna a bakin gado in ba ta da ludayi. Ba wanda ya hana ni. Su ma 'yan Caina haka suke yi wa masu jegonsu, kowace tsohuwa da flas ɗinta na romo a hannu, har mukan gaisa da kai a lif. Ma'aikatan jinya suna kirana Ayi, wato inna, su ga flas su ɗaga mini babban yatsa.

Kwana shida ana magani, ruwa ya fita da safe ya dawo da yamma. Kullum sai an ɗora ta a sikeli, kullum nauyin yana nan ko ya ƙaru. Aka ƙara magani, aka sa mata bututun iska a hanci. Na ga fuskar Dakta Tan ta canza. Ta sake tambaya ko akwai wani magani da muke ba ta a ɓoye, ko wani abu mai gishiri. Na ce babu, kuma har ga Allah a sanina gaskiya na faɗa, don ni ban taɓa lissafa kunu cikin magani ba. Ta tambayi yadda ake kula da ita a gida. To ke kin san wannan ba maganar da zan buɗe baki in yi ta a gaban suruki ba ce, kuma shi ne tafinta. Na sunkuyar da kai na ce ana kula da ita yadda ya kamata. Shi ma ya dubi ƙasa ya faɗa mata da kalma uku. A haka maganar wanka ta wuce, kunya ta rufe ta.

A kwanakin nan ne na ɗauki alhakin baiwar Allah nan, Dakta Tan, kuma ina so in faɗa miki don in sauke. Duk lokacin da na leƙa ɗakin likitoci sai in gan ta da waya a hannu. Tana cin abincin rana da tsinkayen nan biyu da suke ci da su, idonta a kan waya. Tana tafiya a baranda, waya. Na ce a raina, ga 'yata tana neman numfashi, likitarta tana can tana kallon masu rawa. Har na ce wa Izzuddeen ko za a nemo mana babban likita mai furfura, wannan yarinyar wasa ya yi mata yawa. Ya ce in yi haƙuri, Umma, shi dai bai ga alamar wasa a tare da ita ba.

Rana ta bakwai ta zo ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce za ta faɗa mana gaskiya: akwai abin da yake hana maganin aiki, kuma ita ba ta gano shi ba, manyanta na asibitin ma sun duba ba su gano ba. Ta ce suna da wani zaure a waya, a manhajar Wicat da kowa yake amfani da ita a nan, irin zauren 'yan'uwa da muke da shi, sai dai nasu na likitocin zuciya ne zalla daga garuruwa daban-daban, sun fi ɗari huɗu. In wani ya gamu da abin da ya ɗaure masa kai sai ya sa a ciki, waɗanda suka taɓa gani su faɗi abin da suka sani. Tana neman izini ta sa takardun gwajin Nana da hoton zuciyarta. Yaya, ban so ba. Na tuna yadda ake yawo da hotunan marasa lafiya a wayoyinmu, mace tana kwance ba ɗankwali, kowa yana tura wa kowa. Na ce a tambaye ta wa zai gani, kuma ko za a ga jikin yarinyar. Ba ta ji haushi ba. Ta buɗe wayar ta nuna mini: kowane mutum da sunansa da sunan asibitinsa a gefe, ta ce ba a shiga sai wanda aka tabbatar likita ne. Ta ɗauki takardun a gabana ta rufe sunan Nana da lambarta da baƙin layi, ta ce ba fuska, ba jiki, sai dai a ce mace 'yar shekara ashirin da shida daga yammacin Afirka. Duk da haka ban ce a sa ba. Nana ce ta janye bututun daga hancinta ta ce, Umma, zuciyar tawa ce, kuma ko ni ban gane ta a hoton nan ba balle wani, a sa.

Kafin la'asar amsoshi sun fara shigowa. Daga baya Izzuddeen ya karanta mini wasu. Wani ya ce a duba maƙoshi, wani ya ce a duba ko jini ya daskare a huhu, wata ta ce a canza maganin zuwa na allura, har biyu suka yi ta musu a tsakaninsu. Dakta Tan ba ta ɗauki kowace magana haka kawai ba. Wadda aka riga aka gwada ta ce an gwada, wadda ba a gwada ba ta sa aka yi. Duk ba a sami komai ba. Washegari bayan azahar na iso da flas ɗina, na zuba kunu a kofi ke nan ina fifita shi, sai ga ta ta shigo da sauri, Izzuddeen yana biye. Ta ce wani dattijon likita da ya yi ritaya, a wani gari can arewa mai nisan kwana guda a jirgin ƙasa, ya yi magana. Ya taɓa yin aikin shekara biyu a wani asibiti a ƙasashenmu tun yana saurayi. Bai ce a yi wani gwaji ba. Ya ce a je a tambayi uwar yarinyar abu biyu: ko tana yi mata wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kuma ko tana dama mata kunu da wani farin dutse. Ya ce ya manta sunan dutsen, amma yana da hotonsa. Sai ta miƙo mini wayar.

Yaya, kanwa ce. Tsohon hoto ne da ya koɗe, an ɗauke shi a wata kasuwa: kanwa kashi-kashi a kan buhu, ga mudu a gefe, ga ƙafar mai sayarwa da lalle. A tsakiyar asibitin Caina, a hannun yarinyar da nake zargi da kallon rawa. Na dubi hoton, na dubi kofin da yake hannuna. Ba zan ɓoye miki ba, Shaiɗan ya raya mini in ce ban san shi ba. Kalmar meyo, wato babu, tana cikin 'yan kalmomin da na iya, kuma ta zo har bakina. Allah Ya tsare ni. Na miƙa mata kofin, na buɗe jakata na ciro ƙullin kanwar na ɗora a kan gado. Sannan na ce wa Izzuddeen yau babu surukuta, ya faɗa mata duk abin da zan faɗa kada ya rage ko ɗaya. Na zayyana komai, buta takwas, tawul, safe da yamma, kunu sau uku, har da cewa tun da aka kwantar da ita na ƙara yawan kanwar don nono ya zo. Yaron nan ya fassara yana kallon silin, gumi yana zuba masa.

Na jira faɗa, ban samu ba. Ta gutsiri kanwar ta aika ɗakin gwaji, ta ce a dakatar da kunun har sakamako ya fito. Da ya fito ta zo ta yi mana bayani cewa kanwa 'yar'uwar gishiri ce, abin da yake cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki yana cikinta da yawa. Wato duk ruwan da maganinsu ya fitar, kununa yana mayar da shi. Na fashe da kuka, na ce ashe ni na kusa kashe 'yata da hannuna. Ta riƙe hannuna ta ce a'a, kada in faɗi haka. Ta ce ciwon yakan zo wa matan da ba su taɓa ganin kanwa ba, kuma ko a zauren nasu ba a haɗu a kan cewa ita take kawo shi ba. Abin da suka tabbatar kawai shi ne zuciyar da ta riga ta yi rauni ba ta iya ɗaukar kanwa da zafin wanka. Sai ta ce ita ma da ta haihu uwarta ta hana ta wanka da wanke kai har wata guda, ta rufe tagogi a tsakiyar bazara, tana likita amma ba ta isa ta yi musu ba. Ta ce mu muna wanka sau biyu a rana, su an hana su ko sau ɗaya, da za a raba a daidaita da kowa ya huta. Nana ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabon da in ji dariyarta an fi mako biyu.

Daga ranar sikeli ya fara sauka. Kwana uku idon sawunta ya fito. Kwana biyar aka cire bututun. Matashi uku suka koma biyu, suka koma ɗaya. Da aka zo kan maganar shayarwa, likitar ta sake komawa zauren, da wani zauren na masana magunguna, ta tantance waɗanda ba sa cutar da jariri, ta kuma buɗe littattafansu ta tabbatar kafin ta rubuta. Ranar da za a sallame mu da hantsi na fito daga banɗaki na tarar da Nana ta shimfiɗa darduma a gefen gado, goshinta a ƙasa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Na tsaya ina ƙirga numfashinta daga baya, na ga lafiya lau yake fita. Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi.

Kafin mu fito na sa Izzuddeen ya gaya wa Dakta Tan zargin da na yi mata, na nemi ta yafe. Ta yi dariya ta ce wani lokacin ma rawar take kallo, amma ba a ranakun ba. Ta nuna mini abin da take kallo a lokacin cin abinci: gajerun darussa ne da manyan likitoci suke ɗorawa, ta ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa ma in za ta zo aiki su take saurare. Na tuna Malaminmu na Ƙofar Wambai, Allah Ya jiƙansa, yadda in aka kawo masa mas'alar da bai tabbatar ba yakan ce a dakata, ya sa takalmi ya tafi wajen wanda ya fi shi, ko da almajiransa suna kallo. Ban zaci zan ga wannan hali a nan ba. Ta roƙi in bar mata sauran kanwar, ta ɗauki hotonta sabo, ta sa na faɗi sunan a waya sau uku don su ji yadda ake faɗa, ta ce za ta rubuta wa 'yan zauren bayani domin matanmu suna ƙara yawa a garin nan, wata za ta zo wa wani likitan. Dattijon nan kuwa ban san fuskarsa ba, sunansa ma na kasa riƙewa. Na ce a rubuta masa she-she, wato na gode, sau goma. Ya turo hoton hannu biyu a haɗe. Ina yi masa addu'ar shiriya da alheri a bayan kowace salla, shi da ita.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ba za ta jira ba. Zuciyar Nana ta farfaɗo amma ba ta koma daidai ba tukuna. Tana shan ƙwayoyi huɗu kullum, kuma an ce kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ta yarda. Za mu koma a sake duba ta ranar ashirin da shida ga wannan wata. A cikin tambayoyin da dattijon ya turo daga baya akwai ɗaya: ko a danginmu an taɓa samun macen da ta kumbura bayan haihuwa, ko ta rasu a cikin jego. Dakta Tan ta ce amsar tana da muhimmanci, domin wani lokaci raunin zuciyar a jini yake. In a jini yake, ba za ta yi saurin rage maganin ba ko da hoto ya yi kyau, kuma shawarar da za ta ba su a kan sake haihuwa za ta bambanta. Na ce mata babu. Sai da muka dawo gida, ina ninke kayan jaririya, Saratu ta faɗo mini a rai.

Yaya, shekara ashirin da bakwai ke nan ba mu taɓa zama mun yi maganar rasuwar ƙanwarmu Saratu ba. Ni ina Azare a lokacin, ina da tsohon ciki, ba a bar ni na zo ba sai bayan bakwai, abin da aka ce mini kawai shi ne ciwon jego ne, kwana ya ƙare. Ke kika zauna da ita, ke kika yi mata wanka, a hannunki ta cika. Na san abin da nake taɓawa, kuma wallahi ba don in ɗora miki komai nake tambaya ba. Wace ce ni? Abin da kika yi mata shi na yi wa Nana, da niyya ɗaya, da hannu ɗaya, kuma shi Inna ta yi mana duka muka tashi lafiya. Ni dai an nuna mini hoto a kan lokaci, ke ba wanda ya nuna miki. Abin da nake roƙo ki tuna mini shi ne: kwana nawa da haihuwa ciwon ya fara? Ƙafafunta sun kumbura? Ta yi tari? Tana iya kwanciya a miƙe, ko a zaune take barci? Kuma ko kin taɓa jin Inna ta ambaci wata a cikin 'yan'uwanta da ta tafi a haka? Abin da kika tuna ki faɗa, abin da ba ki tabbatar ba ki ce ba ki tabbatar ba, haka zan kai wa likita. Na ba ta amsar da ban tabbatar da ita ba, kuma a kan amsar za ta yanke wa Nana magani. Ina so in je in gyara maganata kafin ta yanke.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, ki ce ina barar addu'a. Ki gaishe da Kawu Shitu da iyalinsa, da Baba Maidaji, da Asma'u da mai gidanta, da Umar Faruƙ, ki ce masa saƙonsa ya iso. Aminat, in ke kike karantawa, sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi miki albarka, ki zauna kusa da uwarki yau. Nana tana gaishe ki, ta ce ki sa mata albarka. Izzuddeen ma yana gaisuwa.

Don Allah, Yaya, ki ba ni amsa da wuri. Kada ki jira mai tahowa. Aminat ta rubuta abin da kika faɗa, ta ɗauki hoton takardar ta turo wa Izzuddeen. Ina buƙatarta kafin ranar ashirin da shida.

Wassalam. Taki ƙanwa,
Fasuma.